Tsohon Awona a Littafin Tela

Telata tana da wani littafi mai baƙin bango, irin wanda 'yan tireda ke rubuta bashi a ciki, gefensa duk ya sha man keke. Kowace mai kawo ɗinki da shafinta. Nawa shafin tun ɗinkin lefe aka rubuta shi, ba a sake taɓa shi ba: ƙirji 34, ƙugu 28. Shekara biyu da aurena, in zan yi ɗinki aike kawai nake yi, ta buɗe littafi ta yanka.

Da cikina ya shiga wata takwas, ana shirin mayar da ni Zariya goyon ciki, na kai mata leshin fitar suna da kaina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Anti, bari in ƙara inci shida, in ya yi yawa a rage." Na ce haba, ai cikin fita zai yi, ta ƙara biyu kawai saboda nono. Ba ta yi musu da ni ba. Ta soke biro a ɗankwalinta ta ce to.

Na haihu a tsakiyar Disamba 2022, cikin hunturun nan na Zariya mai fasa leɓe. Naƙudar dare da yini, aka yi mini ƙari, aka ɗinke. 'Ya mace, kilo 3.2. Washegari da asuba, jaririya tana barci a gefena, na zura hannu ƙarƙashin zani don in taɓa cikina, in ji daɗin ya tafi. Yana nan. Tulu guda, kamar na wata shida, sai dai ya yi laushi luguf kamar kwaɓin funkaso da ya kwana. In na danna yatsa sai ya nutse. Gabana ya faɗi. Da nas ta zo zagaye na jawo hannunta na ce, "Sista, anya babu saura a ciki?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙarfen gado. Ta ɗora tafin hannunta daidai cibiyata ta danna, na ji wani abu mai tauri kamar ƙwallo. Ta ce, "Kin ji ta? Mahaifarki ce. Wata tara tana buɗewa, kina so ta tsuke a dare ɗaya? Yanzu nauyinta ya kai kilo guda. Ki ba ta mako shida, za ta koma ba ta fi dunƙulen hannunki ba."

Abin da na tsinta a maganarta shi ne mako shida. Na lissafa, kwana 42 ke nan. Ga al'ada kuma ta ce arba'in. Sai na ɗauka asibiti da gida bakinsu ya zo ɗaya: in yi haƙurin kwana arba'in a mayar mini da jikina. Baiwar Allah ita maganar mahaifa kaɗai take yi.

Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta karɓi wankan, don Inna ta ce tausayi ba zai bar ta ta yi mini yadda ya kamata ba. Tun kafin assalatu ake hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya. In ruwan ya tafasa a juye a baho, a kai banɗaki, tururi ya turnuƙe har ba na ganin fuskar Gwaggo, sai dai muryarta. Ta tsoma curin ganyen darbejiya, ta girgije sau ɗaya, ta fyaɗa mini a gadon baya. Ranar farko ihuna har zaure. Ta ce, "Rufe mana baki, ke kaɗai kika taɓa haihuwa? In ba ki gasu ba sanyi ne zai shige ki, ki ƙare rayuwarki da ciwon baya." Daga baya a gangaro kafaɗa, cinya, sannan ta jiƙa tawul ta dafe mini ciki da shi, ta danna da dukkan ƙarfinta har in ji gudan jini ya faɗo. Sai zaman ruwan bagaruwa. In an fito ta naɗe mini ciki da tsohon zanen Inna, ta tokare ni da gwiwa, ta ja, ta ƙulle. Safe da yamma.

Ina fitowa kuma ga kwanon sha cike da kunun kanwa, ga kaurin ƙafar sa, ga gasasshiyar kaza an barbaɗe ta da yajin jego mai citta da kanumfari da masoro da kimba. In na ture, a ce nonon 'yar mutane nake so in ƙafar. Da asuba a ɗaure cikin kamar buhun gero, da hantsi a ɗura masa abin da zai ishi manoma uku. Na taɓa tambayar Gwaggo wanne ake so, ya faɗa ko ya cika. Ta ce duka biyun.

Ba zan kushe wankan nan ba. Barcin da nake yi bayansa ban ƙara samun irinsa ba har yau, kuma akwai daɗi a ce kwana arba'in ko cokali ba ki ɗaga ba. Amma da ba don yayata 'yar Baffa ba, wadda take aikin jinya, da an wuce gona da iri. Ita ta tsaya kai da fata ta ce ruwan zama ya zama mai ɗumi saboda ɗinki, kanwa kuma a rage ta sosai, ta kuma zo da abin awon jini duk bayan kwana biyu. Ta ce tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau, suka zargi kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya ya fi karkata ga rashin abinci mai kyau da hawan jinin masu ciki, amma ciwon dai yana nan a Arewa bai tafi ba. Gwaggo ta ce boko ne. Yaya ta ce ta ji, amma duk ranar da aka ga ƙafata ta kumbura, ko na kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, ko tari ya hana ni barci, kada wanda ya ce jego ne ya karɓe ni, a sa ni a mota.

Don kuwa ita ce kalmar da ta fi yawa a bakin 'yan barka. "Masha Allah, jego ya karɓe ki." "Kin yi ɓul-ɓul." Su da zuciya ɗaya suke faɗa, yabo ne, shaida ce cewa gidanmu sun iya riƙon mai jego. Ni kuwa kowace ta faɗa sai in ji kamar ta ƙara mini inci guda.

Ranar suna na ɗauko leshina. Ya shiga ta kai da ƙyar, zif ya hau zuwa tsakiyar baya ya tsaya cak. Ƙanwata ta ja, Yaya ta ja, na riƙe numfashi har na ga duhu. Ga mata sun cika tsakar gida, ana ta kiran mai jego ta fito a yi hoto. Ƙarshe wata bubun Yaya na zura. Na dunƙule leshin na cusa a ƙasan akwati ko juya shi ban yi ba. A duk hotunan sunan Ummi, wadda ta ci sunan surukata, za ka gan ni na rungume ta daidai cikina. Mutane suna cewa 'yar fari ce amma ko kara ban yi ba. Ba su san garkuwa na yi da ita ba.

Arba'in ta zo ƙarshen Janairu, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, har mai lalle sai da aka yi ta faman tura mata kuɗi ta waya. An yi mini duk abin da ake yi: dilka, halawa, kitso, turaren tsuguno, tsimi a jarka, gumba a leda. Aka rako ni Kano kamar sabuwar amarya. A ɗakin Inna madubin ɗan ƙarami ne, iyakarsa fuska da wuya. A ɗakina kuwa sif ɗin lefe ce mai madubi tun daga sama har ƙasa. Da 'yan rakiya suka tafi, Ummi ta yi barci, na kulle ƙofa na kwance zani.

Na daɗe a tsaye. Cikin ya ragu, amma ya sauko ya yi wani lanƙwasa a ƙasan cibiya kamar aljihu. Cibiyar kanta ta buɗe ta zama wata iri. Baƙin layin nan da ya fito lokacin ciki yana nan daram. Nanƙarwa ta zane ni tun daga mara har gefen cinyoyi, wasu jajaye-jajaye, wasu baƙaƙe, fatar wurin ta yamutse kamar takardar da aka dunƙule aka warware. Wuyana ya yi duhu, dilka ba ta iya masa komai ba. Nonon ya yi nauyi, jijiyoyi sun fito, ɗaya ya fi ɗaya. Fuskar tawa ce, lallen hannun ma na gane shi. Sauran kamar na shiga ɗakin wata ban yi sallama ba.

Ban yi kuka ba a ranar. Na ɗauko wani mayafi na rataya a ƙofar sif ɗin, na ce wa kaina saboda ƙura ne.

Abban Ummi bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi damuna fiye da a ce ya yi magana. Na koyi canza kaya a banɗaki. Na koyi kwanciya da doguwar riga cikin zafin Maris. A rayuwata ban taɓa murna da ɗauke wuta ba sai a watannin nan. Wata rana yana wasa da Ummi ya ɗan bubbuga cikina ya ce, "Ummi, ga tsohon gidanki, har yanzu ba a rushe ba." Ya yi dariya, ni ma na yi. Na shiga kicin na tsaya a gaban tukunyar da babu komai a cikinta har ya fita masallaci.

Hutun wata uku ya ƙare, na koma makarantar da nake koyarwa ana saura kwanaki a kama azumi. A ɗakin malamai wata abokiyar aiki ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malama, ba dai kwanika ba?" Na ce a'a. Ta ce, "Au, to ki tashi tsaye. Mazan yanzu ba su da haƙuri, kina nan kina fama da goyo za ki ji ana buɗa a ɗakin kusa da naki." Kafin a tashi ta turo mini lambar wata mai kayan gyara.

Wanda bai shiga irin waɗannan zaurukan na WhatsApp ba ba zai gane ba. Ba a fara miki da magani, da kishiya ake fara miki. Sai an tabbatar kin tsorata sannan a kawo hoton wata kafin da bayan, sannan farashi. Kasuwa ce da jarinta fargabar mace, kuma mata ne ke cinta a kan mata. Na san haka tun a lokacin, ina da hankalina, ina koyar da 'ya'yan mutane. Duk da haka na saya. Shayin rage tumbi na kwana 14, man goge nanƙarwa, da wani bel mai ƙugiyoyi jere uku.

Bel ɗin nake ɗaurawa in tafi aji, in yi darasi biyu numfashina sama-sama, in na zauna ya soke ni a haƙarƙari. In na cire da yamma cikin ya dawo inda yake, har da shaidar ƙugiya. Shayin kuwa kwana uku na yi ina zarya banɗaki, cikina na murɗawa, na tashi da jiri, Ummi ta kama nono ta saki tana kuka. Sikeli ya nuna na sauke kilo biyu, na yi murna kamar wawiya. Da Yaya ta zo Kano na nuna mata, ta farke ƙullin guda a tafin hannu, ta shinshina, ta ce, "Filasko ne. Wanda Inna ke ajiyewa a kwalba saboda mai cushewar ciki. Nawa kika saya?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ruwan jikinki kika zubar, ba kitse ba. Ki sha ruwa kofi huɗu kilo biyunki su dawo." Suka kuwa dawo.

Azumin shekarar, wanda aka kama 23 ga Maris 2023, na ɗauke shi duk da an ce mini mai shayarwa tana da sauƙi in ta ji tsoron cutuwa. In faɗi gaskiya niyyata ba ta kuɓuta ba, rabi lada nake nema, rabi rama. Allah Ya yafe mini. A cikinsa ne kuma gashina ya fara zuba. In na taje sai in cika hannu, gaban goshina ya zama fili, mai kitso ta rasa abin kamawa. Wannan ma ba wanda ya gaya mini ana yi, sai da ya faru kowa ya ce ai haka ne, wata uku zuwa huɗu bayan haihuwa gashin da ya ƙi zuba lokacin ciki yake zubowa gaba ɗaya. Wasu suka ce Ummi ce ta fara gane ni. Ɗinkin sallah ban kai ba. Na san in na je za a ɗauko tef. Na shiga Kantin Kwari na sayi abaya baƙa, wadda ba ta tambayar kowa awonsa.

Wani dare a goman ƙarshe ina ninke kayan Ummi, rediyo na tafsiri, mai jan baƙi ya kawo aya ta 14 a Suratu Luƙman, inda aka ce uwa ta ɗauki ɗa rauni a kan rauni, yayensa kuma cikin shekara biyu. Na haddace ta tun ina 'yar Islamiyya, kullum ina ɗauka maganar naƙuda ce. Ran nan ne na lura da lissafin da ke ciki. Shekara biyu aka ambata. Ni na ba wa kaina kwana arba'in, na kuma yi wata uku ina tuhumar kaina da makara.

Abin da ya kai ni asibiti dai ba tumbi ba ne. Atishawa ce. Ina tsakiyar darasi ƙurar alli ta shige mini hanci, na yi atishawa, na ji ɗumi. Ɗigo ne kawai, ba wanda ya sani, amma ba shi ne na farko ba. In na yi dariya sosai, in na ɗaga bokiti, in na tsallake kwata. Alwala ba ta zama. Sai in yi sallah ina ɗar-ɗar, in canza wando sau uku a yini. Wannan ban gaya wa kowa ba, don mu a nan da an ce fitsari sai tunanin kowa ya tafi ga yoyon fitsari da matan da mazansu suka guje su. Da ƙyar na furta wa Yaya a waya. Ta ce ba shi ba ne, ta kuma yi mini faɗan me ya sa na yi shiru, ta tura ni sashen gashi, wanda ake ce wa fisiyo.

Ni a sanina masu karaya da shanyewar ɓarin jiki ke zuwa can. Likitar wata mace ce mai sanyin magana. Ta ce in kwanta rigingine, in tanƙwara gwiwa, in ɗago kai kamar zan leƙa ƙafata. Na ɗago, sai ga tsakiyar cikina ya taso kamar kunyar dankali. Ta jera yatsunta a saman cibiya ta danna, suka shige cikin wani rami. Ta kama hannuna ta sa a wurin. Yatsa uku.

Ta ce naman ciki jere biyu ne, dama da hagu, da wata farar jijiya mai faɗi da ta haɗa su a tsakiya. In ciki ya girma jijiyar ta miƙe, jeren biyu su raba hanya. Ga mata da yawa yana haɗewa da kansa a watannin farko, ga wasu sai an taimaka masa. Shi ya sa nake kamar mai ƙaramin ciki ko da ban ci komai ba, shi ya sa kuma bayana ke ciwo. Ta tambaye ni ko ina motsa jiki, na ce ina kwanciya in tashi zaune sau talatin kullum, yadda na gani a waya. Ta ce in dakata da shi tukuna, turo cikin waje nake yi. Fitsarin kuma naman ƙasan mara ne ya saki, wanda ya ɗauki nauyin Ummi wata tara sannan ya buɗe ta wuce.

Sai na yi mata tambayar da ta kawo ni tun asali. Na kama fatar cikina na ce, wannan fa? Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce ramin zai ragu in na dage, fitsarin ana sa ran ya tsaya, baƙin layin da duhun wuya za su washe da kansu, gashi zai fito. Nanƙarwa za ta dusashe ta yi fari-fari amma ba za ta tafi ba, kuma babu man da zai goge ta, don a can cikin fata ta tsage. Fatar da ta saki za ta ɗan tsuke, ba duka ba. Nono kuma, ta ce kada in bari wata ta sa ni yaye da wuri don in tsare shi, ciki ne ke sauya shi tun kafin jariri ya kama.

Abin mamaki, da sauƙin zuciya na fito. Wata biyar ina yaƙi da jikina gaba ɗaya, ban san ina zan sa ƙarfina ba. Yanzu an ware mini: ga nawa aikin, ga na lokaci, ga wanda ba na kowa ba.

Aikin kansa ba abin ba da labari ba ne. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari da tusa lokaci guda, ki ƙirga, ki saki, sau goma, sau uku a yini. Ki fitar da numfashi ki ja cibiya ciki a hankali. In za ki tashi daga kwance ki juya gefe tukuna. Na ɗaura shi da lokutan sallah don kada in manta, ina yi a Adaidaita Sahu, ina yi ina jan maki. Na yi wata guda ban ga komai ba, na bari, na sake kamawa. Wajen wata na uku na yi atishawa a aji, na tsaya ina jira, shiru. Ramin ya dawo yatsa ɗaya da rabi, a nan ya tsaya.

Maganar Abban Ummi kuwa, ni na gaji da ɓuya. Wani dare na ce masa maganar tsohon gida da ya yi ta yi mini ciwo. Ya yi ta tunani bai ma tuna ba. Da na maimaita masa sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce wallahi wasa yake. Ya ce shi duk zatonsa ɗinkin ne bai warke ba, ko kuma na daina sha'awarsa, shi ya sa ya ja baya. Wata biyar kowa na kwana da nasa zargin a gado ɗaya. Ban ce ya zama mawaƙi daga ranar ba. Da na tambaye shi kai tsaye ko ya ga na canza, sai ya ce, "To ai kin haihu." Na so ya ce wani abu da ya fi haka. Daga baya na ga gara wannan da ƙarya.

Da Babbar Sallah muka je Zariya. Bayan an gama suyar nama Inna ta ce bayanta ya riƙe, in shafa mata man zafi. Ta kwanta a tabarma ta sassauta zani. Haihuwa tara, bakwai a raye. Ina shafawa na ce, "Inna, ke wata nawa kika yi kafin jikinki ya koma?"

Ta ce, "Ya koma ina?"

Na ce, yadda yake da.

Ta ɗago kai ta dube ni kamar na yi mata Turanci. Ta ce, "Da yaushe? Ina 'yar shekara sha shida? To in ya koma can ku kuma in kai ku ina?" Ta mayar da kai. Can ta ce, "Yayanku babba shi ya tafi da ƙuguna. Ke haƙori kika ci mini, ga gurbinsa nan. Auta ya tafi da gwiwa. Danna nan, ƙasa kaɗan." Babu alhini a muryarta, babu alfahari, kamar mai faɗin wanda ya ari tsani da wanda ya ari turmi. Na so in ce mata zamaninsu daban, ba su da waya mai nuna musu wadda ta haihu jiya yau ta sa matsattsen siket. Na kuma so in ce da ta sami likita irin tawa da watakila bayan nan bai riƙe haka ba, don ba duk abin da suka haƙura da shi ne ya cancanci haƙuri ba. Ban faɗa ba. Na danna ƙasa kaɗan.

Da muka dawo Kano na sauke akwatunan lefe. Na ware duk abin da na san ko da yunwa ba zai shige ni ba, na kira ƙanwata. Takalma ma sun tafi, don ƙafata ta tashi daga 38 ta koma 39 ta zauna. Ina kallo ta gwada wata atamfata da na fi so, ta zauna mata ɗas, ta juya tana tambayata ya yi? Na ce ya yi. Da ta tafi na yi kukan da ban yi ba ranar arba'in. Mayafin da ke jikin sif kuwa ban san ranar da ya sauka ba, ina jin wanki aka kwashe da shi.

Kada in yi ƙarya, har yanzu yana zuwa. In na je biki na ga wata ƙawata mai 'ya'ya uku cikinta kamar faranti, sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya, in dawo gida in ƙi cin tuwo. Bambancin kawai, da safe ina karyawa.

Ana saura kwana goma a kama azumin 2024 na ɗauki atamfa biyu na tafi wajen telata, Ummi na tafe tana riƙe da gefen hijabina. A ƙasan ledar na sa leshin sunan, da niyyar a yanka a yi wa Ummi riga da shi. Ta yi mana oyoyo, ta ce ta ɗauka na canza tela. Ta jawo littafin, ta buɗe shafina, ta ɗaga almakashi.

Na ce, "A'a. Ɗauko tef."

Na cire hijabi na ɗaga hannu. Ban riƙe numfashi ba, ko da yake sai da na tuna wa kaina. Ƙirji 38, ƙugu 33. Ta ja layi a kan tsofaffin, ta rubuta sababbin a gefe, ko kallona ba ta yi ba. Na leƙa littafin, ashe kusan kowane shafi haka yake, layi a kan layi, wani har ya cika an ci gaba a baya.

Na fito da leshin na faɗa mata abin da nake so. Ta karɓa ta juya cikinsa waje, ta miƙo mini gefen. Yadi ne a kalmashe, inci biyu ta dama, biyu ta hagu, an bi shi da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa.

Ta ce, "Anti, ai tun ran nan na bar miki. Na ɗauka za ki duba." Ta ɗora tef a kai ta lissafa. "Ƙirjin zai yi. Ƙugun ne sai na sa masa wani abu a gefe, in kina da ragowar yadin."

Na ce ina jin yana Zariya.

Ta ce, "To ki sa a aiko kafin Talata, daga nan ba na karɓar gyara sai bayan sallah. Ke Ummi, sauke almakashin nan."